Kada Mu Sayar Da Adakar Baffa

Ina roƙon Malam Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun ranar da muka yi zaman muhawara a ƙarshen zangon karatun da ya wuce. Waɗanda suka halarta za su tuna magana ta biyo ta kan tara tsofaffin littattafan zane, watau irin littattafan nan da ake ba da labari da hotuna a jere, kowane hoto da 'yar maganarsa rubuce a bakin mai yin ta. Mutum biyu suka yi kane-kane a kan zancen. Na farko ya miƙe ya ce wannan shirme ne, wasan yara ne, bai kamata ƙungiya mai mutunci irin tamu ta ɓata lokacinta a kai ba. Na biyu kuwa ya ɗaga wayarsa sama ya ce ai arziki ne kwance, domin a Amurka an sayar da irin wannan littafi guda ɗaya tak dala miliyan 6, saboda haka kowa ya koma ƙauyensu ya kwaso abin da ya samu a nemi Bature a sayar masa. Aka yi tafi, aka yi dariya, aka watse. Ni dai ban tafa ba, domin a ganina duk su biyun jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma ina da dalilin da ya sa maganar ta fi ƙarfin dariya a wurina.

Abin da ya sami adakar Baffa

Ni mutumin ƙasar Ajingi ne, daga wani ɗan ƙauye da ke kan hanyar Gaya. Wan mahaifina, wanda duk gidanmu muke kira Baffa Malam, ya fito daga Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, ya yi shekara 35 yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Gaya da Ajingi har ya yi ritaya. Bai tara abin duniya ba. Abin da ya tara yana cikin wata koriyar adaka ta ƙarfe a kusurwar ɗakinsa, ɗore a kan bulo huɗu saboda gara, mabuɗinta kuwa ba ya rabuwa da aljihunsa. A cikinta akwai tulin mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970, mai ɗauke da labarin jarumi Lance Spearman da abokin gabarsa Rabon Zollo. Ita wannan hotunan mutane ne na gaske aka ɗauka aka jera, aka sa musu magana a baki. Akwai littafin Sauna Jac mai zane da Hausa, bugun Zariya. Akwai 'yan kwafen Ikebe Super na Ikko, waɗanda ba ya bari mu yara mu taɓa. A can ƙasa kuma ga tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Sodangi, jaridar Lardin Kano ta zamanin hukumar NORLA, da ƙasidun Yaƙi da Jahilci da ya gada daga wani tsohon malami.

Ran da ya ga dama, bayan la'asar, sai ya buɗe adakar nan, ya sa mu wanke hannu tukuna, sa'an nan ya miƙa wa kowa guda. A kan tabarmarsa na fara haɗa baƙin boko, kuma Turancin farko da na karanta ba tare da tsoron bulala ba a bakin Spear na karanta shi.

Allah ya yi wa Baffa rasuwa a daminar 2021, ina makaranta. Da aka zo rabon gado aka yi wa gona kuɗi, aka yi wa keke da rediyo da awaki kuɗi. Littattafan addini aka keɓe su da girmamawa, kamar yadda ya dace. Da aka zo kan adaka sai aka zazzage abin da ke ciki a tsakar gida, aka yi wa ita adakar kuɗi. Takardun kuwa wani yaro ya ɗura a buhu ya kai wa masu sayen takarda a sikeli, abin da aka ba shi bai kai kuɗin kwanon masara ba. Bayan kamar wata biyu na sauka a tashar mota a Gaya da yunwa, na sayi ƙosai. Ina buɗe ƙunshin sai ga Spear da malafarsa yana dubana ta cikin maiƙo, a saman shafin kuma ga sa hannun Baffa da jan biro, yadda ya saba yi wa shafin farko na kowane littafi nasa. Ban iya cin ƙosan nan ba. Ban kuma ga laifin mai ƙosai ba, ita takardar ƙunshi ta saya da kuɗinta.

Ba duka ne suka salwanta ba. Ƙanwarsa, Gwaggona da ke aure a cikin garin Gaya, tana riƙe da wani ƙunshi da ya ba ta kyauta don 'ya'yanta, ga kuma nata littattafan soyayya fiye da ɗari uku waɗanda ta riƙa ba da haya a ɗakinta tun shekarun 1990. Yanzu sau biyu ke nan wani dillali daga birni yana yi mata sallama, yana taya kayan duka a dunƙule. Ta aiko mini da saƙo ta ce, "Ɗan nan, ku ne 'yan boko, in sayar ko in bari?" To, amsar da zan ba ta ita ce wannan maƙala, kuma ita ce amsata ga abokanmu biyu na ranar muhawara.

Zuwa ga mai cewa shirme ne

Malam, ina tambayarka, wace irin ƙungiyar Hausa ce za ta raina abin da Bahaushe ya sa kuɗinsa ya saya ya karanta? Muna zama a aji muna nazarin Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da suka fito daga gasar 1933, kuma sun cancanta. Amma tarihin karatu a ƙasar nan bai tsaya a kan littattafan da aka sa a manhaja ba. Shi kansa Magana Jari Ce da muke alfahari da shi, da yawanmu hotunan da ke ciki ne suka fara jan hankalinmu kafin mu iya bin labarin. Wanda ke son ya san abin da malamin firamare na ƙauye yake karantawa a 1970 bayan ya tashi daga aiki, ko irin jarumin da samarin lokacin suke kwaikwayon tafiyarsa, ko kayan da 'yan kasuwa suke talla a bayan mujalla, ba zai same su a rahoton gwamnati ba. A irin adakar Baffa zai same su, in ya tarar da ita.

Kuma wannan raini naka ba sabo ba ne, mun taɓa ganin irinsa da inda ya kai mu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata suka fara buga ƙagaggun labarai da kuɗin aljihunsu a Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, masana da yawa suka ce yayi ne, zai wuce. A 2007 ma hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta tara wasu daga cikinsu ta cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata. Muna nan muna gardamar ko adabi ne ko ba adabi ba, a Landan ana tara su a makarantar SOAS, har a 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da littafi guda na jerin sunayen waɗanda aka buga daga 1987 zuwa 2002. A 2012 kuma wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Yau sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da kundayen digiri a kan littattafan nan, kuma kowa a cikinmu ya san ɗan'uwan da ya yi makonni yana zagaya kasuwa yana neman kwafi ɗaya na littafin da aka ba shi ya yi nazari bai samu ba.

Kada kuma wani ya ce ai gwamnati ta adana. Gaskiya ne dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3 a ajiye. Amma marubucin da ya biya maɗaba'a da kansa, ya ɗauki kayansa a bayan babur ya kai kasuwa, mutum nawa ne irinsa suka ma ji labarin dokar? Saboda haka ma'ajiyar wannan adabi ta gaskiya ita ce ɗakunan iyayenmu mata da adakokin tsofaffin malamai. Duk ranar da ɗalibin Hausa ya buɗe baki ya ce shirme ne, ya ba masu rabon gado hujjar su zazzage a tsakar gida. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a zubar da ita ba.

Zuwa ga mai hangen dala

Kai kuma ɗan'uwa mai ɗaga waya, labarin da ka kawo gaskiya ne, sai dai rabinsa ka karanta. Littafin da kake nufi shi ne Action Comics na 1, wanda ya fito a 1938 a kan senti 10, kuma a cikinsa ne Superman ya fara bayyana. A watan Afrilu na 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya, wanda ya fi tayi ya ɗauka a kan dala miliyan 6. To, me ya sa ya yi wannan tsada? Abu na farko, an buga kusan kwafi 200,000, amma waɗanda ake kyautata zaton sun rage a duniya ba su wuce kamar 100 ba, domin yara sun karanta sun yayyaga, iyaye sun zubar, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma an yi ta tara tsofaffin takardu ana kai wa masana'antu. Na biyu, shi Superman bai mutu ba, har yanzu ana yin fina-finansa, attajiran da suka tashi da shi suna gasar mallakar asalinsa. Na uku, can akwai kasuwa tsararriya. Tun shekarar 2000 akwai kamfanin CGC da ba shi da aiki sai duba lafiyar littafi ya ba shi maki, mafi girma 10, ya rufe shi a cikin roba. Wancan kwafi maki 8.5 ya samu. Akwai gidajen gwanjo, akwai jerin farashi da kowa zai iya dubawa. A Gaya wa zai duba maka, wa zai yi maka gwanjo, wa zai gaya maka farashi in ba shi mai sayen ba?

Ga sauran rabin labarin da ba ka karanta ba. A farkon shekarun 1990 Amurkawa sun yi irin wannan tunani naka. Suka ji tsofaffin littattafan zane sun yi kuɗi, sai kowa ya shiga sayen sababbi biyar biyar, goma goma, yana rufewa a leda yana jiran ranar arziki. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, suka yi ta bugawa. X-Men na 1 da ya fito a 1991 an sayar da kwafi fiye da miliyan 8. Da masu ɓoyo suka tashi sayarwa sai suka tarar kowa yana da nasa, babu mai saye. Kasuwa ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe, shi kansa kamfanin Marvel bashi ya yi masa katutu har ya nemi kariyar kotu a watan Disamba na 1996. Wancan X-Men kuwa yau 'yan daloli kaɗan ake sayar da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne ko a Amurka.

Yanzu ka dubo namu. An buga su a kan takardar jarida mai araha, sun sha hannu, sun sha ƙurar hunturu da laimar damina, wasu gara ta lasa, wasu bangonsu ya tafi. Babu attajirin da zai ba ka miliyoyi a kansu. Darajarsu tana wurin mai bincike da ɗakin karatu, kuma dillalin da ke yi wa Gwaggo sallama ya san wannan, shi ya sa yake taya su a dunƙule, kada ta tsaya ta tambayi wanne ne ba a samun irinsa. Zai ba ta abin da za ta yi cefanen mako biyu, ya je ya ware, ya sayar ɗaya ɗaya inda ya sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan shekara goma jikanta zai shigo jami'a a ba shi nazarin littafin da ya kwana shekara talatin a ƙarƙashin gadon kakarsa, ya rasa inda zai gan shi. Ka ga ke nan da kai da mai cewa shirme ne, ƙarshen shawararku ɗaya: adaka ta koma wayam, ɗayanku ya kai wa mai ƙosai, ɗayan ya kai wa dillali.

To, ina kuɗin yake?

Ba na cewa babu kuɗi a wannan sha'ani. Akwai, amma ba irin na dare ɗaya ba ne, kuma yawancinsa ana samunsa ne littafin yana hannunka.

Hanya ta farko ita ce haya, kuma ba daga Turai muka koyo ta ba. Gwaggo ta yi shekaru tana yi. Littafi ɗaya sai ya zaga gidajen unguwa, 'yan mata da matan aure suna aiko yara da ɗan abin da aka yanka na kwana ɗaya, kafin ya tsufa ya mayar da kuɗinsa ninki da yawa. Da wannan ta sayi keken ɗinkinta. Na san za a ce waya ta kashe wannan sana'a, kuma akwai gaskiya a ciki, domin manya yanzu a waya suke karanta labari. Amma ku je Toranke ko Kademi ku ga yaran firamare, mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa riƙe littafin labari mai hoto nasa na kansa? Ɗalibin da ya buɗe zaure lokacin hutu, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye littattafan zane na yara waɗanda ake samu a kasuwa, yana karanta musu yana sa su karantawa, iyayen da suke biyan kuɗin darasin yamma za su biya shi. Tsofaffin da ba su da na biyu kuwa ba a ba da su haya, a gani a gabanka a mayar.

Hanya ta biyu ita ce saye da sayarwa da ilmi. Ka riga mai ƙosai zuwa wurin masu sikeli, ka ba su fiye da kuɗin awo, ka tsince abin kirki. Ka sanar da dattawan garinku cewa in an zo rabon gado aka tarar da takardu a neme ka, ka biya magada haƙƙinsu. Sa'an nan ka buɗe kundi, ka rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da maɗaba'a, da shekara, da halin da yake ciki. Mai kundi ba a yi masa tayin dunƙule. Abin da kake da shi biyu ka sayar da ɗaya, ka fara tallata wa sassan Hausa da ɗakunan karatu da cibiyoyi irin su Arewa House a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano kafin ka waiwayi na waje. Abin da ba ka da na biyunsa kuwa, wannan shi ne jarinka, ba a cin jari.

Hanya ta uku ita ce hidimar masu bincike. Ɗalibin digiri na biyu da ya sha yawon kasuwa zai yi murna ya biya ka ladan zama ya karanta, ko ka ɗaukar masa hoton shafukan da yake bukata don nazarinsa. Har ma akwai shirin da Ɗakin Karatu na Birtaniya ke gudanarwa tun 2004, mai ba da tallafi a ɗauki hoton tsofaffin takardun da ke cikin haɗarin salwanta, bisa sharaɗin asalin takardun su zauna a ƙasarsu. Ashe ko su Turawan da ake cewa a kai musu, masu hankalin cikinsu cewa suke yi a bar kayan a gida. Amma fa a nan zan ja kunne. Ɗaukar hoton littafin marubuci sukutum a riƙa sayarwa ko rabawa a waya, kamar yadda wasu ke yi wa marubutanmu a WhatsApp, sata ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, kafin ita kuma addini ya hana cin gumin wani. Da yawa daga cikin marubutan nan suna raye, waɗanda suka rasu kuma sun bar magada.

Hanya ta huɗu ita ce baje koli. Tun 2015 ake bikin Ranar Hausa ta Duniya kowace ranar 26 ga Agusta, mu ma kowace shekara muna yin makon Hausa. Kullum kayan da muke bajewa su ne ƙwarya da faifai da akushi, kamar Bahaushe bai taɓa buga takarda ba. A ware ɗaki guda a jera mujallu da littattafan zane bisa shekarunsu, a sa ɗan kuɗin shiga, a gayyato makarantun sakandare, a ba mai kayan kasonsa. Na tabbata malamanmu masu furfura za su fi kowa daɗewa a gaban Spear.

Hanya ta biyar ita ce gyara da ɗauri. Kakanninmu sun san tattalin takarda, shi ya sa suka yi tadarishi da gafaka, har rubutun hannu na shekara ɗari biyu ya iso gare mu. Wanda ya koyi ɗinke littafi da zare da allura, da yi masa bango, ba zai rasa aiki ba a garin da ke da malamai da makarantu. Ya kuma koya wa mutane abin da Baffa ya sani: a ɗaga adaka daga ƙasa, a nisanta ta daga bangon da ke jiƙa, a sa busasshen ganyen darbejiya a ciki saboda ƙwari, a riƙa buɗewa da rani ana shan iska a inuwa, kada a liƙe yagaggen shafi da salatif domin yana cin takarda.

Hanya ta shida ita ce babba, kuma ita ce ta fi ba ni takaici da muka bari. Mai tara littattafan zane shi ya fi kowa sanin yadda ake yin su, me zai hana ya yi nasa? Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a 1976, daga cikinta Papa Ajasco ya fito, ya koma wasan talabijin da ya ciyar da mutane shekara da shekaru. A 2024 kamfanin Disney ya fitar da Iwájú tare da Kugali, kamfanin wasu matasan Afirka da suka faro daga littattafan zane. Mu ma ba mu rasa masu hannu ba, duk mai duba Daily Trust ya san zanen Mustapha Bulama. Ba mu kuma rasa labari ba. Mu mutanen Gaya muna da labarin da aka gada na maƙerin nan mai suna Kano, wanda ya tashi daga Gaya ya tafi dutsen Dala neman tama, har garin ya ci sunansa, zuriyarsa kuma ake ce musu Abagayawa. Ina littafin zanen da yaron Ajingi zai karanta wannan a ciki da harshensa? Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Bayajida, ga Sarauniya Amina. A cikinmu akwai masu rubutu, a sashen zane akwai masu zane, amma kowa yana jiran wani.

Laifin namu ne

Akwai magana guda da ta fi duk na abokanmu biyu nauyi, kuma ni na yi wa kaina ita. Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana bukatar kuɗin magani. Kayanta ne, halalinta ne. Ni wane ne, ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, da zan ce mata ta rungumi takarda ta kwana da ciwo saboda tarihi? In ta sayar ba ta yi laifi ba. Laifin yana kan waɗanda suka san darajar kayan amma suka bar dillali shi kaɗai yake yi mata sallama, watau mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace shekara muna tara kuɗi mu yi walima, mu buga kalanda mai hotunanmu, mu sassaƙa lambar yabo mu miƙa wa ɗan siyasar da ba zai iya kawo sunan littafin Hausa uku ba. Kuɗin lambar yabo ɗaya ya isa ya sayi kayan Gwaggo a farashin da ya fi na dillali.

Saboda haka ina kawo wa ƙungiya shawara uku. A kafa ɗan kwamiti na adana tsofaffin littattafai da mujallu a ƙarƙashin kulawar ɗaya daga cikin malamanmu, a nema masa kabad mai makulli a sashe. A ware wani kaso daga kuɗin makon Hausa don sayen irin waɗannan kaya daga hannun masu su a farashi na adalci, wanda kuma ba ya son sayarwa a roƙe shi aro don baje koli a biya shi. Sa'an nan kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya shiga ɗakin kakarsa da na tsohon malaminsa na firamare da biro da takarda, ya rubuto jerin abin da ya gani, kada ya ɗauko komai tukuna. Ni na ɗauki Gaya da Ajingi, kuma ina neman mutum biyu daga Albasu da Wudil su taya ni, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na aika wa Gwaggo cewa ta ba ni zuwa ƙarshen wannan zango, kada ta sallama wa kowa, na kuma haɗa mata da ɗan abin da na rage daga kuɗin abincina don maganin ido. Ta ce ta ji, amma kada in daɗe, domin mutumin ya ce zai dawo bayan Sallah. Abin da ya rage yana hannunku. Allah ya jiƙan Baffa Malam da sauran malamanmu da suka riga mu, ya sa mu dace. Haza wassalam.